Littafin aikin haɗa aboboya mai batir a Kumasi, 2025

13 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan littafi ne domin abokan jarinmu da ke Ankara da Tamale, da duk ɗan Zango da yake tunanin shiga irin wannan sana'a, su riƙa jin halin da aiki yake ciki daga bakin wanda yake tsaye a kansa kullum. Abin da muka sa gaba shi ne haɗa babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, wanda kowa a nan yake kira aboboya, sai dai namu da batir zai yi tafiya, ba da fetur ba. Injin lantarki da kwantirola (na'urar da take sarrafa wutar da ke zuwa injin) da ƙwayoyin batir daga ƙasar Sin muke sayo su, amma ƙirar ƙarfen da akwatin kaya da haɗa batirin da jan wayoyi duk a rumfarmu za a yi su, wadda muka kama haya a gefen Suame, tafiyar ƙafa kaɗan daga Magazin, unguwar garejoji da masu sana'ar mota.

Gwamnatin Ghana ta ƙaddamar da manufarta ta motoci masu lantarki a watan Disambar 2023 a taron sauyin yanayi na Dubai, kuma kasafin kuɗin 2024 ya zo da alkawarin ɗauke kuɗin fito na shekara 8 ga kamfanonin da aka yi wa rajista a matsayin masu haɗa irin waɗannan motoci. Takardunmu na neman wannan rajista suna kan hanya, saboda haka lissafinmu na bana mun yi shi ne kamar babu rangwamen komai. Kwantenar farko tana ɗauke da kayan aboboya 40, kuma burinmu mu gama su kafin Babbar Sallah. Aikin yana buƙatar mutum 14, a yau kuwa biyar gare mu: injiniya ɗaya da ya gama Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, masu walda biyu, bakanike ɗaya da mai kula da sito. Na gaya wa abokan jari cewa cike sauran guraben ba zai wuce wata guda ba, tunda muna maƙwabtaka da wurin da ya fi ko'ina tara masu sana'ar mota a ƙasar nan.

4 ga Fabrairu, 2025

Alkawarin wata guda da na yi ba zai cika ba, kuma ya kamata in bayyana dalili dalla-dalla, domin shi ne zai zama tushen duk abin da zan rubuta nan gaba. Mun ba da cigiya a masallatai bayan sallar Juma'a a Aboabo da Asawase da Sabon Zango, mun kuma sa a zaurukan WhatsApp na matasa, mutum 37 suka zo. Gwajin da muka yi musu mai sauƙi ne: a karanta zanen wayoyi na shafi ɗaya, a auna ƙarfin wuta da mita a faɗi abin da aka gani, sannan a matse kan waya guda biyar da filaya ta musamman mu ja mu gani ko za su zame. Mutum uku kaɗai suka haye duka ukun.

Ba wai waɗanda suka faɗi ba su iya aiki ba ne. A cikinsu akwai wanda ya shekara goma yana wayarin mota, wanda idan ka kawo masa tsohuwar tirotiro, wato ƙaramar bas ta haya, da fitilunta suka mutu zai gano matsalar kafin ka gama bayani. Amma iliminsa ya ginu ne a kan batirin volt 12, inda jikin motar kansa yake zama hanyar da wuta take komawa, inda kuma hanyar gane ko waya tana da wuta ita ce a goga ta a jikin ƙarfe a ga tartsatsi. Batirinmu ƙwaya 24 ne a jere, kowace tana da volt 3.2, jimilla volt 76.8, kuma duk abin da ya haura volt 60 na wutar batir ana lissafa shi cikin mai haɗari ga jikin mutum. Idan sifana ta faɗa tsakanin bakunan batirin nan biyu, nan take za ta yi ja ta narke, ta ƙona hannun da yake riƙe da ita. Da na ga ɗaya daga cikinsu ya ɗaga waya zai goga a jikin tebur kamar yadda hannunsa ya saba, sai na gane cewa abin da za mu fara yi da irin waɗannan ƙwararru shi ne raba su da al'adar da ta ciyar da su shekara da shekaru, kuma wannan ya fi koya wa sabon yaro wuya.

Masu takardar jami'a da na kwalejin fasaha guda shida da suka zo sun karanta zanen ba tare da wahala ba, amma huɗu daga cikinsu ba su taɓa matse kan waya da hannunsu ba, sauran biyun kuwa da suka ji albashin sai suka yi godiya suka tafi. Ban ga laifinsu ba. Tun da Volkswagen ya fara haɗa motoci a Ankara a 2020, Toyota ya biyo baya a Tema a 2021, Nissan a 2022, ga kamfanonin haƙar zinari a Obuasi da Tarkwa, ga masu kafa faifan sola ko'ina, duk wanda ya haɗa ilimin lantarki da iya aikin hannu yana da inda ake jiransa da kuɗin da ƙaramar rumfa irin tamu ba za ta iya biya ba. Garin cike yake da matasa marasa aiki, amma mutumin da muke nema, wanda ya san ƙarfe, ya san wuta, yana kuma da haƙurin bin awo a rubuce, shi ne babu a kasuwa.

25 ga Fabrairu, 2025

Daga cikin ukun da muka ɗauka, biyu sun tafi kafin su karɓi albashin farko. Ɗaya ya koma tuƙa piragiya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar fasinja, ɗayan kuma ƙaninsa ya shaida mana cewa ya bi abokansa wajen galamse, wato haƙar zinari ba bisa ƙa'ida ba. Wannan ya sa na je wurin wani dattijo mai garejin manyan motoci a Magazin, wanda abokin mahaifina ne tun suna samari, na zauna a kan bencinsa na zayyana masa damuwata. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: "Ɗana, kai ka kawo tsarin ofis cikin Magazin. Yaron da ka ce ya jira ƙarshen wata, da me zai sayi koko gobe da safe, me kuma zai miƙa wa uwarsa da daddare?" Na ce: "Baba Alhaji, ai albashin da muke biya ya ninka mafi ƙarancin albashi na gwamnati sau da yawa." Ya ce shi bai san wannan lissafi ba, abin da ya sani shi ne duk yaron da yake ƙarƙashinsa yana komawa gida da wani abu a aljihu kowace yamma, ko da kaɗan ne.

Maganarsa gaskiya ce. Mafi ƙarancin albashin da zai fara aiki ranar 1 ga Maris, 2025, sidi 19.97 ne na kuɗin Ghana a yini, kuma ba shi ne abokin gasarmu ba. Abokin gasarmu shi ne kuɗin hannu na kullum da mai piragiya yake ƙirgawa bayan ya cire na mai babur, da kuma labarin wanda ya je ramin zinari ya dawo da sabon babur, labarin da ake yawan ba da shi fiye da na waɗanda rami ya rufta da su. Ƙari a kan haka, muna yi wa kowa rajistar SSNIT, wato asusun fansho na ƙasa, inda kamfani yake zuba kashi 13 cikin 100, ma'aikaci kuma a cire masa kashi 5.5, kuma saurayi ɗan shekara ashirin da biyu yana kallon wannan cirewa a matsayin kuɗinsa da aka riƙe masa, maganar tsufa kuwa tana yi masa nisa. Ba za mu daina biyan SSNIT ba, domin doka ce kuma haƙƙinsu ne. Abin da muka sauya shi ne yadda kuɗin yake isa hannunsu: kuɗin abinci da na mota kowace safiya, wani kaso kowace Juma'a ta momo, wato tura kuɗi ta wayar salula, ragowar a ƙarshen wata.

Baba Alhaji ya kuma ba mu aron yaransa uku da ba su wuce shekara biyu da fara koyo ba, bisa sharaɗin cewa shi ne mastansu har gobe, kuma ranar da za a yaye su a gabansa za a yi. Ya zaɓo ƙananan ne da gangan, yana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

18 ga Maris, 2025

Kwantena ta iso rumfa jiya, mako uku bayan lokacin da muka sa rai. Jinkirin daga wajenmu yake: batirin litiyam yana cikin kayan da dokar sufuri ta duniya ta sa a aji na 9 na kaya masu haɗari, kuma takardar gwajin da ake nema a kansa ba ta zo daidai da lambar ƙwayoyin da aka loda mana ba, sai da aka sake aiko wata. Kuɗin ajiya na kwanakin da ta yi a tashar Tema ya cinye abin da muka ware don sayen injin gwaji na biyu.

Saboda azumi mun mayar da aiki daga ƙarfe bakwai na safe zuwa uku na rana, kuma na hana taɓa batir bayan azahar, domin aikin da kuskure ɗaya yake ƙona hannu bai dace da mai jin ƙishi da barci ba. Masu walda sun riga sun gama ƙirar ƙarfe 11 suna jira. Inda aiki ya tsaya shi ne teburin batir. Kowace ƙwaya sai an cika ta zuwa volt 3.65, a sauke ta zuwa 2.5, a rubuta abin da ta ɗauka, sannan a haɗa masu kama da juna a batir ɗaya, domin ƙwaya ɗaya mai rauni a cikin 24 ita ce take yanke wa sauran tafiya. Ƙwaya 960 muke da su, injin gwajinmu yana ɗaukar takwas a lokaci guda, kuma mutum ɗaya ne a cikinmu, wato injiniya, ya san yadda ake karanta sakamakon.

8 ga Afrilu, 2025

Gobarar da ta tashi a Adum, cibiyar kasuwanci ta Kumasi, ranar 21 ga Maris ta cinye shaguna masu yawa, kuma ta shafe mu ta hanya biyu. Kwana biyu bayanta mai rumfarmu ya zo da kansa ya ce ya ji labarin batir yana kamawa da wuta, yana so mu kwashe kayanmu. Na zagaya da shi na nuna masa cewa irin ƙwayoyin da muke amfani da su, masu sinadarin ƙarfe da fosfet, sun fi sauran nau'o'in litiyam jure zafi, amma ban ɓoye masa cewa kowane batir mai wannan girma yana iya tayar da wuta idan aka haɗa shi da ganganci ba. Mun amince za mu gina ɗaki na bulo daban don ajiyar ƙwayoyi, nesa da inda ake walda, mu ajiye yashi da abin kashe gobara a ƙofa, kuma ba za a bar komai a kan caji ba idan babu mutum a wurin. Wannan ya ci mana mako guda da kuɗin da ba mu shirya ba, amma tun farko ya kamata mu yi shi ba sai an tilasta mana ba.

Hanya ta biyu kuwa alheri ce da ta fito daga cikin asarar wani. Wani mai gyaran wayar salula da teburinsa da kayan aikinsa suka ƙone ya zo neman aikin wucin gadi tare da ƙaninsa. Ban taɓa tunanin neman ma'aikata a cikin masu gyaran waya ba, alhali su ne mutanen da suke yini da mita a hannu, suka saba da batirin litiyam, suka kuma san cewa kumburarren batir ba abin wasa ba ne. A kwana uku ya fahimci allon da yake kula da cajin ƙwayoyi, wanda yara suka laƙaba wa suna mai gadi, har ya gano cewa wayoyin awo guda biyu a batirin farko an sa su a juye.

12 ga Mayu, 2025

Aboboya biyar sun fita, uku suna ɗaukar doya da albasa tsakanin tashoshin manyan motoci da kasuwa, biyu suna rarraba ruwan leda. Da za su zama shida, amma ta shidan mun lalata ta da hannunmu. Mai walda ya ga wani ƙarfe a ƙarƙashin akwatin kaya bai kama sosai ba, sai ya ɗora waldarsa a kai alhali batir da kwantirola suna haɗe, wutar walda ta bi ta cikinsu ta kashe kwantirola da mai gadi gaba ɗaya. A garejin da ya fito ana yin haka kullum ba tare da wani abu ya faru ba, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa cewa a nan ba a yi. Laifin nawa ne da ban rubuta dokar ba. Yanzu duk abin hawan da aka sa wa batir ana rataya masa jan ƙyalle, kuma mai jan ƙyalle ba ya komawa ɓangaren walda sai an cire batirin an sa hannu a takarda.

Labari mafi nauyi shi ne injiniyanmu ya ba da sanarwar barin aiki a ƙarshen wata. Wani kamfanin haƙar ma'adinai ya ba shi abin da ya kusa ninka albashinsa sau uku, da gida da asibiti, kuma yana shirin aure. Ya zo ofis da kansa ya ce: "Yaya, wallahi ba don na raina aikin nan ba ne." Na ce masa na sani, na kuma sa masa albarka. Abin da na roƙe shi kawai shi ne kwanakin da suka rage ya daina haɗa batir da hannunsa, ya tsaya a bayan mai gyaran waya da yaran Baba Alhaji yana kallo suna yi, duk abin da yake cikin kansa kuma ya zauna mu rubuta shi. Wannan yana nufin a watan nan ba za mu fitar da fiye da uku ba, kuma na sanar da abokan jari cewa maganar 40 kafin Babbar Sallah ta faɗi.

3 ga Yuni, 2025

Sidi ya yi ƙarfin da ba mu zata ba. A watan Afrilu dala ɗaya tana wajen sidi 15, yanzu ta sauko kusa da 10. Ga ƙasa wannan abin farin ciki ne, kuma kwantena ta biyu za ta zo mana da sauƙi. Amma kayan da ke sito mun saye su ne da tsohuwar dala, farashin fetur yana sauka, kuɗin wutar lantarki kuwa an ƙara shi da kashi 14.75 cikin 100 tun farkon Mayu. Ratar da muke nuna wa mai saye tsakanin kuɗin fetur da kuɗin caji ta ragu, ko da yake har yanzu tana nan, musamman idan aka haɗa da cewa babu canjin baƙin mai, babu fulogi, babu kabireta. Mun rage farashi kaɗan, kuma ribar wannan zubi kusan babu ita.

1 ga Yuli, 2025

Shawarar da ta fi kowace amfani a wannan shekara daga bakin yayata ta fito. Ta zo rumfa ta ga yaro yana fama da damin wayoyi a kan allo, yana yanka wata ta yi gajere, wata ta yi tsawo, sai ta ce wannan ai aikin tela ne, a auna sau biyu a yanka sau ɗaya. Tana da shagon ɗinki a Aboabo, kuma bayan Sallah kasuwar ɗinki takan yi sanyi, 'yan matan da ta yaye da yawa ba su da kuɗin sayen keke. Ta kawo mana uku.

Kafin su fara sai da na je gidajensu ɗaya bayan ɗaya tare da ita. Mahaifin ɗaya daga cikinsu, malamin makarantar allo ne, ya tambaye ni: "Malam, 'yata za ta yini ne a cikin maza 'yan gareji?" Na ce: "Allah ya gafarta Malam, teburin wayoyi ɗakinsa daban, akwai wurin sallar mata, kuma ƙarfe huɗu da rabi za ta tashi ta iso gida kafin magariba. Ina roƙon Malam ya zo ya gani da idonsa kafin ya yanke hukunci." Ya zo ranar Asabar, ya duba ɗakin, ya tambayi abin da kowace waya take yi, ya yi mana addu'a, ranar Litinin ta fara aiki.

Mako uku ke nan, kuma damin wayoyin da suke haɗawa shi ne na farko da yake wuce gwaji ba tare da an dawo da shi ba. Sun saba bin awo a rubuce, sun saba aikin da ake maimaitawa sau ɗari ba a gaji da kula ba, kuma ba su zo da wata tsohuwar al'adar gareji da za a kankare ba. Abin da ya ba ni kunya shi ne wata shida ina cewa babu ma'aikata a Kumasi, alhali rabin mutanen unguwarmu ban taɓa sa su cikin lissafi ba. Albashinsu daidai yake da na mazan da ke matakinsu, kuma na faɗi haka a gaban kowa don kada a yi ta raɗe-raɗi.

29 ga Yuli, 2025

Damina ta gwada aikinmu, kuma ta nuna mana inda muka gaza. Daga cikin 17 da ke kan hanya, huɗu sun mutu bayan sun ratsa ruwa, saboda mahaɗin wayoyin da ke ƙarƙashin kujera yana shan ruwa. Mun kira duka 17 mun ɗaga mahaɗin sama, mun sa irin wanda yake da roba mai hana ruwa shiga. A cikin wannan dubawa ne muka ga abin da ya fi ruwan tayar mini da hankali: a batir ɗaya, noti guda a kan farantin da yake haɗa ƙwaya da ƙwaya bai ɗauru sosai ba, wurin ya yi zafi har robar da ke kusa ta fara canza launi. Sako-sakon haɗi yana hana wuta wucewa yadda ya kamata, abin da ya hana ta wucewa kuma zafi yake zama, ga shi direbobinmu suna lodin da ya wuce ƙa'ida suna hawa tudun Kumasi da shi, lokacin da injin yake jan wuta mafi yawa. Allah ya kiyaye, aka gani da wuri.

Da muka bi takardar batirin, an sa alamar cewa an ɗaure kowane noti da sifana mai awo. Na zauna da yaron da ya sa hannu, ba don in hukunta shi ba, sai ya gaya mini gaskiya cewa takardar da Turanci take, layukanta sun yi yawa, shi kuma yakan gama aikin ne sannan ya bi ya sa alama a duka. Karatun bokonsa bai yi nisa ba, amma ya sauke Alƙur'ani, yana kuma rubuta Hausa da ajami ba tare da tuntuɓe ba. Mun sake rubuta takardun aiki gaba ɗaya: kowane mataki layi ɗaya da hoto, da Hausa da Turanci, aka kuma ƙara harshen Tuwi saboda abokan aikinmu Asantawa, shi kuma ya rubuta nasa kwafin da ajami ya manna a bangon teburinsa. Kowane noti da aka ɗaure yanzu ana ɗiga masa fenti, mutum na biyu ya bi ya sake gwadawa ya ɗiga nasa launin. Wannan ya ƙara kusan awa ɗaya a kan kowane batir, kuma ba zan cire shi ba ko da za a ce mu ne mafi jinkiri a ƙasar nan.

26 ga Agusta, 2025

A taron abokan jari na makon jiya an kawo shawarar cewa duk wanda za mu koya wa aiki ya sa hannu a yarjejeniyar zama shekara uku, idan ya tafi kafin nan ya biya kuɗin horo. Na fahimci dalilin, domin ƙanin mai gyaran waya, wanda muka yi wata huɗu muna koya masa, ya tafi wurin masu kafa sola a farkon watan nan, kuma abin ya yi mini ciwo. Duk da haka ban goyi bayan shawarar ba. Yaron da ba shi da kuɗin koko ba za ka karɓi kuɗin horo a hannunsa ba, sai dai ka kai ƙararsa, kuma ranar da aka ji a Zango cewa mun kai ɗan wani kotu, daga ranar babu uban da zai sake ba mu ɗansa. Sannan mutumin da takarda ce kawai ta riƙe shi ba shi nake so ya ɗaure notin batir ba.

Abin da muka tsaya a kai shi ne matakai huɗu a rubuce, daga mai koyo zuwa mai duba aikin wasu, kowane mataki da gwajinsa da ƙarin albashinsa, domin kowa ya ga inda zai kai nan da shekara. Za mu kuma riƙa koya wa mutum biyu a duk gurbin da yake buƙatar ɗaya, da sanin cewa wani zai tafi. Mun fara tuntuɓar hukumar kula da ilimin sana'a ta ƙasa don mu ji yadda yaranmu za su zauna jarrabawar da za ta ba su takardar shaida. Wani daga cikin abokan jari ya ce takardar za ta sauƙaƙa musu tafiya ne kawai. Haka ne, amma ita ce kuma za ta sa iyaye su kawo mana na bayansu, kuma wanda ya tafi da ilimin batir ya buɗe shago a Tafo ko Ejisu, gobe shi ne zai gyara wa mai sayen aboboyarmu idan ta tsaya masa a can.

16 ga Satumba, 2025

Zuwa yau mun fitar da 29 daga cikin 40, muna kuma gama biyu a mako idan ba a ɗauke wuta ba. Mu 13 ne a rumfa ban da ni, kuma a cikinsu babu ko ɗaya da ya zo mana da ilimin wannan aiki a hannunsa, ban da mai gyaran waya da ya zo da rabinsa, wanda yanzu shi ne shugaban teburin batir. Gurbin injiniya har yanzu babu kowa. Tsohon injiniyanmu yana amsa waya da daddare idan mun maƙale, muna kuma neman a turo mana ɗan bautar ƙasa mai ilimin lantarki a zubin bana, da niyyar idan ya yi shekararsa ya ga dama ya zauna.

Matsalar da ta taso yanzu a waje take. Aboboya biyu sun dawo da wayoyi a yanke an ɗaure da leda, saboda sun tsaya a hanya direbobin sun kai su wurin mai wayarin da ya fi kusa, shi kuma ya yi abin da ya sani. Ɗaya daga cikinsu an tsallake mai gadi gaba ɗaya an haɗa batir kai tsaye, abin da zai iya kashe ƙwayoyin cikin 'yan makonni. Na koma wurin Baba Alhaji, ya yi magana da masu wayari shida da yake jin za su saurara, sun amince su zo rumfa ranar Asabar uku a jere, mu ba su abinci da kuɗin yininsu, mu kuma ba kowanne safar hannu ta roba da sifana mai rufi. Wadda za ta koya musu karanta zanen wayoyi ita ce 'yar malamin allo, domin ita ta fi kowa saninsa yanzu, na kuma roƙi Baba Alhaji ya zauna a ajin ranar farko saboda a ba ta hankali.

Kwantena ta biyu, mai kayan 60, za ta taso daga Sin a watan gobe, kuma wannan karon mun tura lambobin ƙwayoyi an daidaita su da takardar gwaji kafin a loda. Injin gwaji na biyu yana cikinta. Kafin ta iso ina buƙatar mutum biyu a teburin batir da mai walda ɗaya, kuma yayata ta ce akwai 'yan mata biyu da za ta yaye a ƙarshen wata, za mu je gidajensu ranar Lahadi bayan la'asar.